Ranar Al'adu Kaɗai Ba Ta Mayar da Baƙon Yaro Ɗan Aji

A makarantun firamare na garuruwan da mutane ke gudowa a kudancin Kebbi, Zuru ce ko Ribah ko Dirin Daji ko Yelwan Yauri, akwai abin da ke faruwa kullum har malamai sun daina ganinsa. Mace ce za ta shigo da hantsi, goye da jariri, riƙe da hannun yaro ɗan shekara tara ko goma. Ba takardar haihuwa, ba katin sakamako, ba takardar canjin makaranta, domin makarantar ƙauyensu ta daɗe a rufe, malaman ma sun riga su gudu. Ta durƙusa a bakin ofis ta ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne na kawo." In an dace da hedimasta mai tausayi, sai ya ce a kai shi aji uku. Malamin aji ya ɗago kai daga rajista, ya dubi yara tamanin da ke gabansa, ya nuna can baya kusa da taga: "Je ka zauna." Kafin a fita tara yaron ya sami suna. In Bahaushen ƙauye ne, ɗan gudun hijira. In Bafulatani ne, sunan ya fi wannan muni, kuma kowa ya san shi. Bayan mako uku sai a gan shi a tasha da bokitin ruwan leda, sunansa kuwa yana nan a rajista har ƙarshen shekara.

Wannan yaron ba a kore shi ba, ba a kuma doke shi ba. Abin da ya fitar da shi shi ne mako uku yana zaune a wurin da babu mai bukatar komai daga gare shi. Ra'ayina a kan maganar jawo irin waɗannan yara ta hanyar al'adu yana nan: yaro yana zama ɗan aji ne ranar da abin da ya zo da shi daga gidansu ya zama ilimin da ajin ke nema a wurinsa, a cikin darasin yau da kullum, kowane mako. Bikin shekara-shekara ba ya yin wannan aikin, wani lokacin ma ɓata shi yake yi.

Kebbi ba baƙuwar ƙaura ba ce. Jiha ce mai masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, da ƙananan hukumomi 21, kuma tun kafin a ƙirƙire ta a 1991 Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Arawa da Dandawa da Kyangawa da Dakarkari da Kambari da Dukkawa da Gungawa suke cuɗanya a kasuwa ɗaya. Ta yi iyaka da Nijar da Benin, shi ya sa a Kamba ko Lolo ba abin mamaki ba ne ka ga yaron da ya fara karatu da Faransanci. Da aka gina madatsar Kainji a 1968, dubban mutanen tsibiran kogin Kwara aka tayar aka sake musu matsuguni. Ambaliyar 2020 ta tayar da wasu. Sabon abu shi ne tashin da 'yan bindiga ke yi wa mutane a Danko-Wasagu da Sakaba da maƙwabtansu na Zamfara da Neja, da kuma na Lakurawa ta ɓangaren Arewa da Augie. Sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ya ƙara sa iyaye suka ɗauki makaranta wurin haɗari. Wanda ya kawo ɗansa makaranta bayan duk wannan ya yi ƙoƙari, bai kamata a bar shi ya koma da shi ba.

Abin da yawancin makarantu suka sani da sunan raya al'adu shi ne ranar al'adu. A ƙarshen zangon karatu na uku a ce kowa ya zo da kayan gargajiyarsu, a ɗauko makaɗa, a gayyaci sakataren ilimi, a ɗora wa 'yan mata ƙwarya a ka, a ba maza sanda da malfa, a yi rawa a watse. Duba wanda ya ci riba. Ɗan gari mai hali ya zo da sabon ɗinki. Yarinyar da suka gudo da zane ɗaya ba ta zo ba, don kunya. Wadda ta ɗauki ƙwaryar nono ta yi shigar Fulani 'yar wani ma'aikaci ce, ita kuwa 'yar Fulanin gaske tana gefe tana kallon yadda ake kwaikwayon maganar uwarta ana dariya. In an yi wasan kwaikwayo, sau da yawa na 'yan bindiga ne, kuma ba sai an faɗi wanda za a ba sanda da rawani a ce shi ne ɓarawon daji ba. A ganina makarantar da ba ta yi komai ba ta fi wadda ta yi wannan.

Aikin gaske daga ofishin hedimasta yake farawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, saboda haka rashin takarda bai isa hujjar mayar da yaro gida ba. Shaidar mai unguwa ko arɗo ko liman ko fasto ta wadatar a rubuta shi a ranar, a bi sawun takardar haihuwa daga baya. "Je ki dawo gobe" ita ce ke kashe rabin maganar, domin macen da ke yin wankau ko surfe don abincin yini ba ta da goben da za ta ɓatar. Akwai wani ɗan abu da ke rikita sababbin malamai: ka tambayi uwa sunan yaro ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ɗan fari ne, kunyarsa take yi, kuma a wurin Fulani abin ya fi tsanani. Kada a ce mata ba ta san sunan ɗanta ba. A tambayi wadda ta rako ta, ko yaron kansa. A rubuta sunan yadda gidansu ke kiransa, kuma kada a sa wata alama a gefen sunan da ke nuna ɗan gudun hijira ne, domin monita yana ɗaukar rajista, kuma abin da monita ya gani aji ya gani. Bayanin harshen gida da sana'ar iyaye da inda suka sauka, malamin aji ya ajiye a nasa littafin.

Daga nan sai gwaji, na minti goma, a gindin bishiya shi da malam, ba a gaban aji ba. A fara da haruffa, sai gaɓoɓi, sai kalmomi biyar, sai gajeren labari mai layi huɗu. A lissafi, lambobi 1 zuwa 9, sai 10 zuwa 99, sai tarawa da ɗebewa. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa. A tambaye shi ko ya yi makarantar allo. Yaron da ya kai izu biyar ya san cewa alama a kan allo tana ɗauke da sauti, ya san zama, ya san hadda, kuma boko zai zo masa da sauri in malam bai ɗauke shi jahili ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai ɗan shekara 12 aji ɗaya don bai iya karatu ba. Ba zai zauna cikin 'yan shekara shida ana kiransa baban aji ba. A sa shi ajin da ya kusa da shekarunsa, a ware sa'a ɗaya a rana ta cike giɓi, inda ake haɗa yara bisa matakin karatunsu. Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce 'yan garin da ke aji huɗu ba su iya haɗa gaɓa ba suna da yawa, don haka rukunin zai cakuɗu da kansa, ba wanda zai kira shi ajin baƙi.

Wurin zama ma magana ce. Baƙi in an bar su sukan taru a kusurwa ɗaya, malam kuma ya ji daɗin hakan don ba sa surutu. A raba aji rukuni-rukuni na yara takwas, a sa baƙi biyu a kowane rukuni, in da hali masu harshe ɗaya, don ƙaramin yaro ya sami wanda zai yi wa raɗa. Sannan a haɗa kowane baƙo da 'yan gari biyu, mace da mata, namiji da maza, na tsawon mako huɗu. Kada a zaɓi monita ko ɗan malam. A zaɓi waɗanda hanyarsu ta gida ɗaya ce da tasa. Aikinsu a bayyane yake: su nuna masa bayi da wurin ruwa, su fita tara tare, su koma gida tare, in bai zo ba su faɗa wa malam kafin a tashi. Yaran Musulmi sun san asalin wannan tun daga darasin sira, yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin mutanen Madina da waɗanda suka yi hijira daga Makka, mutum da mutum. Idan malam ya tuna musu da haka, kalmar hijira da suke tsokana da ita sai ta yi musu nauyi a baki. A ajin da ke da Kiristoci, kamar yadda yake a ƙasar Zuru, su ma suna da labarin yadda aka gudu da Annabi Isa zuwa Masar yana jariri. Suratul Hujurat kuma ta hana jifan juna da munanan laƙabi, kuma malamin addini ne ya fi dacewa ya faɗi haka a asambuli, sau ɗaya, ba tare da nuna kowa ba.

Yanzu ga inda al'ada ke shigowa. Ba a bukatar sabon darasi a jadawali. Akwai Hausa, akwai lissafi, akwai kimiyya, akwai darasin al'adu da fasaha, akwai motsa jiki. Abin da ake so shi ne darasi ɗaya na minti 35 a mako wanda kayan aikinsa daga gidajen yara za su fito, kuma tambayar a yi wa kowa ita, ɗan gari da baƙo. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi. Da zarar malam ya ce "baƙinmu su tashi su faɗa mana", ya ɓata.

Ɗauki ƙidaya a aji biyu ko uku. Malam ya ja layi uku a allo ya ce wa ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma da wani harshe ban da Hausa da Turanci. Ɗan Zabarmawa ya ce afo, ihinka, ihinza, itaci, igu. Yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki ba ta ce go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Malam ya ce, "Ci gaba, shida fa?" Ta ce joweego'o. Bakwai, joweeɗiɗi. Sai malam ya juya ga aji: "Ku saurara da kyau, me kuka ji a ciki?" Ba a daɗewa wani zai ɗaga hannu ya ce biyar da ɗaya ne, biyar da biyu ne. Fulatanci tarawa yake yi a cikin sunan lambar. Sai malam ya tambayi yadda tsofaffi ke cewa 19 a kasuwa, a ce ashirin ba ɗaya, 18 ashirin ba biyu. Ga ɗebewa a bakin Bahaushe. An koyar da abin da manhaja ta ce a koyar, kuma aji ya kwashe minti goma yana maimaita kalmomin yarinyar, tana gyara musu furuci. A fita tara za ka ji ana bin ta ana cewa ta faɗi takwas.

Haka kimiyya. Yaron da ya taso a bakin kogi ya san giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, ya san bambancin birgi da taru da homa, ya kuma san gaiwa, kifin da ke shigewa cikin laka ya kwana rani da rai har ruwa ya dawo. Babu hoton littafin da ya kai wannan bayanin. Ɗan makiyayi ya san Bunaji da Rahaji da Gudali, ya san shekarun saniya daga haƙoranta, ya san ciyawar da ke kumbura ciki, yana da nasa sunayen lokutan shekara, ndunngu da dabbunde da ceeɗu, da za a jera kusa da damina da hunturu da rani. Ɗan manomin dawa daga ƙasar Zuru ya san lokacin huɗa da alamar ƙuduji a gona. A ce kowane rukuni ya kawo ganye biyar, sabara da kalgo da marke da ɗorawa da kaɗanya ko abin da aka samu, a manna a kwali, a rubuta sunan kowane da duk harsunan da ke ajin da amfaninsa. A nan ɗan birni ne ke tambaya, wanda ake kira baƙauye ke ba da amsa, kuma yara suna lura da irin wannan juyin fiye da yadda manya ke zato.

Wasa ya fi komai saurin aiki kuma ba ya cin ko sisi. Dara ramuka 30 ce a ƙasa, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa, ana neman jera uku. Ba ta bukatar harshe, kuma an san Dakarkari da ƙwarewa a cikinta. A haƙa guda goma a inuwar bayan aji, a yi gasar rukuni da rukuni. Langa ma haka, ga carafke da 'yar gala-gala da gaɗa wajen mata. Sharaɗi ɗaya ne: malam ne zai raba ƙungiya, domin in aka bar wa yara zaɓe, baƙo ne zai rage a tsaye shi kaɗai, kuma wannan tsayuwar ta fi zagi ciwo. Kada kuma a taɓa yin 'yan gari da baƙi, ko Hausawa da Fulani, ko da wasa.

Tatsuniya kuwa a ba da ita aikin gida: kowa ya roƙi kakarsa ko goggonsa guda ɗaya. Za a tarar Gizo da Ƙoƙi suna nan a wani gida, a wani gidan zomo ne ke yi wa kura wayo, labarin kusan ɗaya. A zaɓi biyu a mako, a rubuta su a babban littafi guda na aji da sunan wanda ya kawo da sunan tsohuwar da ta ba shi. Zuwa ƙarshen zango na mako 12 ko 13 aji yana da littafin karatu na kansa mai labari sama da ashirin, abin da makarantu da yawa ba su da shi. Game da harshen koyarwa, gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a 2022, ta kuma janye a 2025. Ko ma wace ce ke aiki, babu dokar da ta hana malam koyon kalmomi goma na harshen ɗalibinsa. Gaisuwar Fulatanci "jam waali" ko ta Zabarmanci "fofo" daga bakin malam a bakin ƙofa da safe yana gaya wa aji duka matsayin yaron. Nana Asma'u ta gane haka tun ƙarni na 19: tana iya Larabci da Fulatanci, amma da ta tashi ilmantar da matan karkara ta hannun jajis, wato malamai mata na ƙungiyarta ta 'Yan Taru, sai ta kai musu karatun da Hausar da suke ji.

Sau ɗaya a wata a gayyato babba daga gari, wannan watan ɗan gari, wata mai zuwa baƙo. Sana'a zai nuna, da kayanta a hannu: saƙar faifai, gyaran koma, kaɗa nono har mai ya tashi, ginin tukunya, ɗaurin dami. Minti 25 ya isa. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye mata su zaɓo, a sanar da mai unguwa, a ba mutum goro da kuɗin mota. Lallai malam ya gana da shi kafin ranar su tsayar da abu uku da zai nuna, kuma ya zauna a ajin har a gama. Dalili shi ne dattijon da aka ƙona wa rumbu, in ya ga taro yana saurarensa, daga bayanin dami zai zarce zuwa wanda ya ƙona, kuma a cikin masu saurare akwai yaron da za a waiwaya a kalla. Amfanin wannan ziyara ya wuce aji. Matar da ta durƙusa a bakin ofis ranar farko, yau hedimasta yana ce mata "Inna, bismillah, ga kujera", yara tamanin suna kallon hannunta. Ita ce gobe za ta hana a tura 'yarta talla ranar kasuwa.

Al'ada wuƙa ce, tana yanka mai riƙe da ita, kuma wurare huɗu ne aka fi yankewa. Na farko tambayar da ke tono ciwo. "Zana mana ƙauyenku" ko "ba mu labarin yadda kuka taho" kamar tausayi ne, amma yaron da ya kwana a daji yana jin harbi ba zai zana rumbu da rijiya ba. A tambayi yadda ake yin abu: yaya ake dama fura a gidanku, wane wasa kuke yi da farin wata. In ya yi shiru ko ido ya kawo ruwa, a wuce kan na gaba ba tare da magana ba, a neme shi daga baya shi kaɗai. Na biyu addini. Uhola bikin kaka ne na Dakarkari, yana da ɓangaren noma da kokawa da waƙa, yana kuma da ɓangaren da ya shafi bautar gargajiya. Makaranta ta ɗauki darasin gayya da juriyar golmo, inda saurayi ke shekaru yana noma wa surukai, ta bar sauran ga masu shi. Kafin a kawo ganga ko a sa 'yan mata rawa, a zauna da liman da fasto da iyaye. Sau da yawa za a daidaita a kan gaɗa da tafi, mata zalla da malama. In aka yi gaban kai, uba ɗaya ya cire 'yarsa, goma za su bi shi. Shaɗi kuwa ba abin kawowa makaranta ba ne ko kusa.

Na uku barkwanci. Mutane suna son ambatonsa a matsayin maganin ƙabilanci, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa, har Nijar ta sa UNESCO ta amince da shi a 2014. Gaskiya ne yana sanyaya zuciya, amma tsakanin manyan da suka san iyakarsa kuma ba mai tsoron wani. Yaro ɗaya cikin tamanin, wanda jiya aka ce danginsa ne suka tashi garin su wane, ba zai ji wasa a ciki ba. A koyar da shi a aji biyar da shida a matsayin tarihin yadda kakanni suka kashe gaba, amma malam kada ya tsokani ɗalibi da shi. Na huɗu waya. A daina ɗaukar hoton yara ana zubawa a Facebook da WhatsApp da rubutun "yaranmu 'yan gudun hijira". Wasu suna da dangi a ƙauyen da suka baro, kuma a wuraren da ake zargin kowa da kai rahoto, hoto da sunan gari na iya jawo wa wani abin da ba a yi nufi ba.

Maganar yaran Fulani tana bukatar a faɗe ta ƙarara, don ita aka fi kaucewa. Cikin waɗanda aka kora akwai makiyayan da aka kwashe wa shanu, suka rasa daji suka rasa gari. Ɗansu yana shigowa aji da laifin da bai yi ba. Tarbiyyar gidansu ta semteende da munyal, wato kunya da haƙuri, tana sa ya sunkuyar da kai, ba ya kallon babba a ido, ba ya kuka in an zalunce shi, sai malam ya fassara haka da taurin kai ko rashin gaskiya. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 tana da makarantu a rugage, amma wanda ya gudo cikin gari makarantar gari ce tasa, kuma malaminta ba a taɓa koya masa wannan ba.

Na san abin da malami zai ce: tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35, ni ina da tamanin, ba benci, ba alli, sai a ƙara mini aiki. Yana da gaskiya, kuma tatsuniya ba ta gina aji, ba ta cika cikin da ya zo babu karin kumallo. Amma abin da aka lissafa a sama kwali biyar ne da babban littafi guda da gam, kuma rukunin takwas-takwas sauƙi yake kawo wa mai yara tamanin. Wani kuma zai ce baƙo raɓa ne, gobe za su koma. Waɗanda suka gudo a 2021 suna aji ɗaya, da yawansu sun kwashe shekaru ba su koma ba. 'Yan gari ma suna da nasu ƙorafin da ya kamata a saurara. Inda aka sauke mutane a azuzuwa wata da watanni, benci ya zama itacen girki, iyayen gari suna riƙe da abin a zuci. Sannan wata ƙungiya ta zo ta raba jaka mai tambari ga baƙi kaɗai, alhali ɗan garin da ke kusa da shi a leda yake zuba littafi. Jakar ta zama alama, ta kuma zama abin hassada. Duk abin da za a raba a raba wa aji duka, ko a bi talauci ba asali ba. Karatun safe na 'yan gari, na yamma na baƙi, shi ma raba gari biyu ne. In dole sai an yi zubi biyu, a raba ta aji.

Masarautar Argungu tana da misali a ƙofar gida. Bikin kamun kifin da duniya ta sani, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan gadon ɗan Adam a 2016, ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Yaran da ake kai wa gidan tarihi na Kanta ko bakin Matan Fada ana nuna musu kayan yaƙi da manyan goruna, ba kasafai ake gaya musu cewa bikin na sulhu ba ne. Kwalejin ilimi ta Adamu Augie tana garin. Ɗalibanta da ke fita koyon aikin koyarwa za su iya tafiya da wannan tsarin a matsayin abin da za a ba su maki a kai, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, kuma takarda ɗaya ta ishe ta ta hana mayar da yaro saboda rashin takardar haihuwa.

Yadda za a gane ko abin yana ci ba wuya. A duba kiran suna a mako na 2 da na 6 da na 12, a lura da ranakun kasuwa da lokacin girbi, don a bambanta wanda aiki ya ɗauke da wanda aji ya kora. Wanda ya yi kwana uku a jere bai zo ba, abokan tafiyarsa su raka malam ko wata daga iyaye mata gidan a cikin makon, domin in ya kai mako biyu da wuya ya dawo. A tsakiyar zango malam ya kira yara ɗaya bayan ɗaya ya ce kowa ya faɗi mutum uku da yake wasa da su, ya sa ɗigo a gaban kowane sunan da aka ambata. Sunan da ya tashi babu ɗigo ko ɗaya, shi ne za a canja wa rukuni, a kuma ba shi riƙon littafin tatsuniya ko rabon 'ya'yan dara a mako mai zuwa. Wani lokacin za a tarar ba baƙo ba ne ma.

Waɗansu iyalan za su tashi a tsakiyar zango, ko su koma gida don an ce hanya ta yi sauƙi, ko su ƙara gaba zuwa Birnin Kebbi ko Kontagora. Abokan tafiyar yaron su ne za su fara ji. A ranar hedimasta ya yagi rabin takarda ya rubuta sunan yaro da shekarunsa da ajinsa, matakin da ya kai a karatu da lissafi, harshen gidansu, da lambar wayar makaranta, ya buga hatimi, ya sa a leda saboda ruwa, ya damƙa wa uwar a hannu.